Yadda aka bi sawun aikin kwashe Google+ kafin a rufe shi

A ranar 8 ga Oktoba, 2018, kamfanin Google ya sanar cewa zai rufe Google+, dandalin sada zumuntar da ya buɗe a watan Yunin 2011 don ya yi gogayya da Facebook. Dalili biyu ya bayar. Na farko, an gano wata ɓaraka a manhajar da ka iya fallasa bayanan mutum har 500,000. Na biyu, jama'a ba su karɓi dandalin ba, har kamfanin da bakinsa ya ce kashi 90 cikin ɗari na ziyarar da ake kai wa Google+ ba ta kai sakan biyar. Da farko an sa wa'adi zuwa watan Agustan 2019. Ana nan a watan Disamba sai wata ɓarakar ta sake ɓulla, wannan karon ta shafi mutum miliyan 52.5, sai Google ya janyo wa'adin zuwa Afrilu. A ƙarshen Janairu aka tsayar da rana: 2 ga Afrilu, 2019.

Google ya ba kowa damar sauke kayansa ta hanyar Google Takeout, kuma wanda ya ji labari da wuri ya sauke. Amma wannan ya ceci abin da mutum ya rubuta ne kawai, a cikin kwamfutarsa, inda babu mai gani sai shi. Wanda ya rasu, da wanda ya manta kalmar sirrinsa, da wanda bai ma san ana rufewa ba, duk rubutunsu na fili zai tafi. Hakazalika duk wani adireshin Google+ da aka taɓa liƙawa a jarida ko a Wikipedia zai koma ƙofar da ba ta kai mutum ko'ina.

Waɗanda suka ɗauki nauyin kwashe abin da zai kwasu su ne Archive Team, ƙungiyar 'yan sa-kai da Jason Scott ya kafa a 2009, shekarar da Yahoo ya rufe GeoCities, dandalin da mutane suka riƙa gina shafukansu kyauta a kai. Mutane kan haɗa su da Internet Archive, ma'ajiyar nan ta San Francisco da Brewster Kahle ya kafa a 1996, amma ba ɗaya suke ba. Archive Team ke kwasowa, Internet Archive ke ajiyewa, daga baya shafukan su bayyana a Wayback Machine, dandalin Internet Archive da ake duba tsofaffin kwafin shafukan intanet a cikinsa. A watan Maris na 2019 aikin kwasar Google+ ya kankama, saura 'yan makonni a rufe. Abin da ya ja hankalina a wannan lamari shi ne yadda aka riƙa ganin aikin yana tafiya, da yadda lambobin da ake gani suka riƙa faɗin wani abu suna ɓoye wani.

Daga ina jerin ya fito

Manhajar kwasar shafuka, a yadda aka saba, tana farawa da adireshi ɗaya ko 'yan kaɗan. Ta sauke shafi, ta tsamo adiresoshin da ke cikinsa, ta jera su a layi, ta ɗauki na gaba. Mai irin wannan tafiya bai san ƙarshen hanyarsa ba, domin layin ƙaruwa yake yi yana tafiya. Ga wanda ke da shekara guda ba laifi. Ga wanda ke da makonni uku ko huɗu, dole ya san girman abin da ke gabansa tun kafin ya fara.

Sa'ar da aka yi ita ce Google kansa ya wallafa taswirar dandalin, wato fayilolin nan da gidajen yanar gizo ke ajiyewa don injunan bincike su san shafukan da ke ciki. A cikinsu akwai adiresoshin shafukan mutane, biliyoyinsu. Tun a 2015 an yi amfani da waɗannan fayiloli wajen auna dandalin, aka ƙiyasta shafukan mutane sun kai biliyan 2.2. Binciken da Eric Enge na kamfanin Stone Temple Consulting ya yi a shekarar ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na masu shafi ba su taɓa wallafa komai a fili ba. Ba abin mamaki ba ne. An yi shekaru duk wanda ya buɗe Gmail sai a buɗe masa Google+, kuma daga Nuwamban 2013 aka ce ba ka yin tsokaci a YouTube sai da shi. Da yawa daga cikinmu da muka sayi wayar Android a waɗannan shekarun muna da shafi a can ba mu taɓa leƙawa ba.

Ke nan jerin ya samu, amma mafi yawansa kango ne, kuma taswirar ba ta bambanta kango da gidan da ke cike da rubutun shekara bakwai. Sai ka je ka ƙwanƙwasa kafin ka sani. Wannan zai dawo mana idan muka zo karanta lambobi.

Kwamfuta ɗaya ba za ta iya wannan aiki ba, ko ba don komai ba, Google zai toshe adireshin IP (lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet) da ya ga yana neman shafi dubbai a minti guda. Don haka aka yanka jerin gunduwa-gunduwa, kowane ƙunshi ɗauke da shafukan mutane da dama, aka raba wa kwamfutocin 'yan sa-kai a faɗin duniya. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san yawan masu fartanya ba shi ke gama gona ba, sai an sami wanda ya tsaya a bakin gona yana raba kunyoyi, ya san wa ya kama wacce, ya kuma lura da wadda aka bari rabi aka tafi shan ruwa. A tsarin Archive Team wannan aikin na wata uwar garke ce guda ɗaya, wato kwamfutar da sauran ke tuntuɓa, zan kira ta mai-rabo. Ba ta sauke ko shafi ɗaya. Aikinta riƙe lissafi: ƙunshi kaza yana jira, ƙunshi kaza yana hannun wane, ƙunshi kaza an ce an gama. Fuskarta da kowa ke iya gani a burauza ita ce allon bibiya.

Tafiyar ƙunshi guda

Ɗan sa-kai yana sauke wata manhaja mai suna Warrior, wadda kwamfuta ce ƙarama da ke zaune a cikin kwamfutarsa, galibi ta hanyar manhajar VirtualBox. Waɗanda suka fi ƙwarewa sukan gudanar da lambobin aikin, wato rubutaccen umarnin da manhajar ke bi, kai tsaye ko ta manhajar Docker a kan kwamfutocin haya. Mutum ya zaɓi laƙabin da yake so ya bayyana a allo, ya faɗi ƙunshi nawa zai riƙe a lokaci guda, a Warrior ba a wuce shida, sannan ya zaɓi aiki. Babu rajista, babu kalmar sirri.

Daga nan manhajar ke bin matakai a jere. Tana fara duba ko layin intanet ɗin mai tsabta ne, wato babu wani a tsakani da ke sauya amsar da ake samu. Sannan ta roƙi mai-rabo ƙunshi. Da zarar an ba ta, mai-rabo ta cire shi daga sahun masu jira ta rubuta shi a sahun na hannu, da laƙabin wanda ya karɓa da lokacin da ya karɓa. Sai wata sigar Wget, manhajar sauke shafuka, da aka yi wa gyara ta shiga saukewa, tana bin ƙa'idojin da aka rubuta musamman don Google+: wane adireshi za a bi, wanne za a tsallake, wace amsa ce za a ɗauka a matsayin kuskure. Abin da aka sauke ana zuba shi a fayil na WARC, tsarin da hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2009. Shi wannan fayil yana riƙe da buƙatar da aka aika, da amsar da ta dawo, da lokacin da aka yi musayar, shi ya sa ake nanata wa 'yan sa-kai su tabbatar agogon kwamfutarsu daidai yake. Bayan saukewa, manhajar ta tambayi mai-rabo inda za ta kai kaya, a ba ta adireshin wata ma'ajiyar wucin gadi, ta tura ta hanyar rsync, wata manhajar tura fayiloli. Sai bayan kayan sun isa ne take komawa ta ce ta gama, ta faɗi yawan bayit ɗin da ta kwaso, da sigar lambobin da ta yi aiki da su.

Tagogi biyu ake kallon wannan tafiya ta cikinsu. Ta farko tana kan kwamfutar ɗan sa-kai: ya buɗe burauza ya shiga ƙofa mai lamba 8001, ya ga kowane ƙunshin da ke hannunsa a akwatinsa, da matakin da yake, da adiresoshin da ake saukewa suna wucewa layi-layi kowanne da lambar amsarsa, 200 (lafiya lau) ko 404 (babu shafin) ko 429 (buƙatu sun yi yawa) ko 503 (gidan ba ya iya amsawa yanzu). Ta biyu ita ce allon bibiya, inda ba a ganin adireshi ko ɗaya, sai jimillar lambobi, da jerin laƙabobi gwargwadon abin da kowa ya kawo, da ƙunshin da aka gama yanzu-yanzu suna gilmawa. Tagar farko ta san dalili amma ba ta ganin nesa. Ta biyu tana ganin kowa amma ba ta san dalilin komai ba. Haɗa su kuwa sai a ɗakin hira na IRC, inda wani zai ce shi fa tun ɗazu 429 yake gani, wani a wata nahiya ya ce shi lafiya lau, masu kula su haɗa wannan da abin da allo ke nunawa su yanke shawara.

Karatun lambobi uku

Sabon shiga idonsa kan lambar da aka gama yake zuwa, don ita ce ke hawa, ita ke faranta rai. Mai kula da aiki ya fi damuwa da ta tsakiya, wato ƙunshin da ke hannu. Ƙunshin da ke jira yana nan lafiya, ba abin da zai same shi. Wanda aka gama ya isa ma'ajiya. Wanda ke hannu kuwa yana cikin kwamfutar mutumin da ba a san sunansa ba, ba a san ko yana barci ba, ba a san ko faifansa ya cika ba.

Idan komai na tafiya daidai, lambar na hannu ba ta cika motsi ba. Gwargwadon yadda ake karɓa haka ake dawowa da shi. A ce ana gama ƙunshi dubu a minti guda, kowanne yana cin minti goma, to za ka ga kimanin dubu goma a hannu kowane lokaci. Duk ranar da lambar ta bar wannan lissafi, akwai labari.

Idan na hannu na ta hauhawa, gamawa kuma ta yi sanyi, mafi yawan lokuta matsalar ba daga shafin da ake kwasa take ba, daga wurin sauke kaya take. Ma'ajiyoyin wucin gadi suna karɓar ƙananan fayilolin WARC daga dubban wurare, su ɗinke su zuwa manya masu gigabayit gommai, su tura wa Internet Archive. Idan shigowa ta fi fita yawa, faifai ya cika, rsync ya fara mayar da mutane baya. Kwamfutar ɗan sa-kai ta gama saukewa tuni, amma tana tsaye da kaya a ka tana ta sake gwadawa, ba ta isa ta ce ta gama ba. A manyan ayyukan Archive Team wannan maƙoshin ya sha zama shi ne mafi ƙunci, ba saurin saukewa ba. A duba lissafin Google+: abin da aka kwaso ya haura fetabayit ɗaya, wato terabayit dubu. A ce an yi shi cikin makonni huɗu, ke nan kusan megabayit 400 ne ke kwarara a kowane sakan, dare da rana, babu hutu. Ƙara 'yan sa-kai a irin wannan hali ba ya ƙara komai sai tsawon layi a bakin ma'ajiya.

Idan kuma na hannu ta ragu alhali masu jira suna nan tuli, to ko dai mutane sun kashe kwamfutocinsu, ko kuma masu kula ne suka taka birki. Mai-rabo tana da wurin ƙayyade ƙunshi nawa za ta saki a minti. Ana rage shi don kada a danne gidan da ake kwasa, ko don ma'ajiyoyi su numfasa. A lokacin ɗan sa-kai zai ga manhajarsa na cewa an ƙayyade rabo, za ta jira ta sake tambaya. Da yawa sukan ɗauka tasu ce ta lalace, su shiga kashewa da kunnawa, wanda kuwa ba abin da yake haifarwa sai ƙarin ƙunshin da aka yasar a hannu.

Wannan yasarwa ita ce ciwon da ba ya warkewa a irin wannan tsari. Warrior na da hanyar tsayawa ta lalama, inda take ƙarasa abin da ke hannunta kafin ta mutu. Amma mutum zai rufe kwamfutar tafi-da-gidanka ya kwanta, ko hayar kwamfutarsa ta ƙare, ko wuta ta ɗauke, abin da mu ba sai an yi mana dogon bayaninsa ba. Mai-rabo ba ta da hanyar sanin haka. A wurinta ƙunshin yana hannun wane tun shekaranjiya, kuma ba ta iya bambanta wanda ya mutu da wanda ya faɗa kan shafin mai ɗaukar hoto da ke da hotuna dubu ashirin, yana nan yana ta ja. Magani shi ne a mayar da duk ƙunshin da ya daɗe a hannu cikin layi a ba wani. Tambayar ita ce yaushe. Idan an yi gaggawa, mutum biyu za su kwaso abu ɗaya, a ci wurin ajiya a banza. Idan an yi jinkiri, wa'adi ya riske shi a hannun wanda ba zai dawo ba. A ganina, a farkon aiki haƙuri ya fi, amma idan saura kwana biyu a rufe gida, kwafi biyu na abu ɗaya asara ce mai sauƙi, kuma ya kamata a sassauta hannu. Akwai kuma abin lura: ƙunshin da suka fi maƙalewa su ne masu nauyi, masu nauyin kuwa su ne na mutanen da suka yi rubutu da gaske. Ke nan 'yar ragowar da ke maƙale a hannu a ƙarshen aiki, ko da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, darajarta ta fi ƙaramin adadinta nesa ba kusa ba.

Yanayi na uku shi ne mafi haɗari, domin kama yake da nasara. Gamawa ta yi tsalle, allo na gudu, kowa na murna. Mai hankali sai ya raba jimillar bayit da yawan ƙunshi ya ga matsakaicin nauyi. Idan gudu ya ninka amma nauyin ya faɗi, akwai yiwuwar abin da ake kwasowa ba shafukan ba ne, saƙon toshewa ne, ko shafin a shiga da kalmar sirri, ko sanarwar kuskure da gidan ya aiko da lambar 200 kamar komai lafiya. Manhaja ba ta karanta abin da ke shafi. Idan ƙa'idojinta ba su ce wannan kuskure ba ne, za ta naɗe shi a WARC ta kai, ta ce ta gama. Wannan ne ya sa Archive Team ke hana aiki ta hanyoyin ɓoye adireshi irin su VPN ko Tor, ko ta intanet ɗin otal da makaranta mai tace shafuka. Shafin gargaɗin da wani mai tacewa ya cusa, idan ya shiga ma'ajiya, zai zauna a Wayback Machine da sunan shi ne abin da Google+ ya nuna a ranar.

A Google+ wannan ma'aunin ya yi wuyar karantawa, saboda kangon da muka ambata. Ƙunshi mara nauyi yana iya zama alamar toshewa, yana kuma iya zama kawai an faɗa kan mutanen da ba su taɓa rubuta komai ba. Ba a gane bambancin da ƙunshi ɗaya. Sai an kwatanta laƙabi da laƙabi: idan kowa matsakaicinsa kusan ɗaya ne amma wani shi kaɗai yana gama ninki biyar da rubu'in nauyi, to a buɗe fayilolinsa a duba.

Ita ma lambar masu jira tana da tata yaudarar. A aiki mai wannan girma ba a zuba wa mai-rabo dukkan jerin lokaci guda, kashi-kashi ake loda shi. Wanda ya leƙo ya ga saura kaɗan sai ya ɗauka an kusa, washegari ya tarar lambar ta koma sama. Duk wanda zai ƙiyasta ranar gamawa dole ya auna da jimillar jerin asali, wadda ba a allon take ba.

Laƙabi da siga

Jerin gwanaye da ke allon ba ado ba ne. Shi ke jawo mutane, don ɗan Adam na son ganin sunansa yana hawa, kuma waɗanda ke saman jerin galibi masu hayar kwamfutoci ne da yawa da kuɗin aljihunsu. Amma gasar tana da illa: tana sa wasu su ƙara yawan ƙunshin da suke riƙewa fiye da ƙima, a toshe su, su bar tarin aiki a hannu. Amfanin laƙabin na gaskiya yana bayan fage. Tunda kowane ƙunshin da aka gama an rubuta wanda ya yi shi da sigar lambobin da ya yi amfani da ita, har da zanen yatsan fayilolin don a gane idan an taɓa su, duk ranar da aka gano wata siga na tsallake wani abu, ana iya zaƙulo ƙunshin da ta yi a mayar da su layi. Ana kuma iya umartar mai-rabo kada ta ƙara ba tsohuwar siga aiki, sai manhajar ɗan sa-kai ta sanar da shi lambobinsa sun tsufa. Ba don wannan rubutun ba, gyara kuskure ɗaya na nufin a sake aikin daga farko, lokacin kuwa babu shi.

Abin da allon bai taɓa ƙirgawa ba

Tun aikin na tafiya an fito an faɗa wa jama'a iyakarsa. Abin da ke fili kaɗai za a kwasa, duk abin da aka taƙaita ga wasu mutane ko aka riga aka goge ba ya ciki. Hotuna da bidiyo ba za su zo da cikakken girmansu ba. Doguwar muhawara kuma ba lallai ta zo duka ba, domin Google+ wani ɓangare na tsokaci yake nunawa a shafi, sauran sai an latsa. Hanyar da masu manhaja ke bi su ja bayanai a tsare, Google ya rufe ta tun 7 ga Maris, sai abin da shafi ya nuna wa baƙo.

Ke nan ƙunshin da aka kwaso rubutunsa aka bar rabin tsokacinsa ya shiga sahun waɗanda aka gama, kuma bisa gaskiya, domin an yi duk abin da ƙa'idojin suka ce a yi. Allon yana auna aikin da aka yanka ne, ba ya auna Google+. Shafin da bai shiga jerin asali ba kuwa ko a sahun masu jira bai taɓa bayyana ba, balle a ce ya ɓata. Ban ga laifin allon a nan ba. Laifin na wanda zai karanta cewa an gama kusan duka ne, ya tafi yana cewa an ceci dandalin gaba ɗaya.

Wanda ke gudanar da ƙaramin aikin kwasa shi kaɗai, a ce yana tattara labaran jaridu don bincike ko yana duba shafukan da suka mutu a gidan yanar kamfaninsu, sahu ukun nan zai tarar. Scrapyd, manhajar da ke gudanar da ayyukan wata manhajar kwasar shafuka mai suna Scrapy, tana jera su ne a masu jira, masu gudana, da waɗanda suka ƙare. Aikin da ya kwaso shafi dubu ɗari da wanda ya faɗi bayan sakan uku duk a sahu na ukun suke zama. Sai ka buɗe rajistar aikin ka gangara ƙasa, inda Scrapy ke rubuta dalilin tsayawa, da yawan amsoshi na kowace lamba, da yawan abin da aka tsamo, kafin ka san wanne ne wanne. Heritrix, manhajar kwasar Internet Archive, ta fi zurfafawa: tana ware layi ga kowane gida, ta nuna maka wanne ke aiki, wanne aka ɗan kwantar don ladabi, wanne aka yi wa ritaya saboda ya cinye kasonsa. Mai kallon jimilla kawai ba zai lura cewa gida ɗaya ya tsaya cak tun jiya ba, domin sauran suna ta motsa lambar.

Ranar 2 ga Afrilu ta zo, Google ya rufe dandalin ga jama'a, ya ce goge bayanan zai ɗauki 'yan watanni. Sigar da kamfanoni ke amfani da ita ta ci gaba, daga baya aka sauya mata suna zuwa Currents, ita ma aka rufe ta a 2023. Ga masu kwasa, rufewar ba ita ce ƙarshen bibiya ba. Fayilolin da ke ma'ajiyoyin wucin gadi sai da aka ci gaba da ɗinke su ana turawa, Internet Archive kuma ta gina musu fihirisa kafin su fara fitowa a Wayback Machine, kuma duk wannan zangon ba ya cikin allon. Mutum na iya ganin ƙunshinsa a sahun waɗanda aka gama amma ya nemi shafin bai samu ba sai bayan wani lokaci.

Ba kowa ya yi murna da aikin ba. Akwai waɗanda suka yi rubutu a fili da tunanin zai mutu tare da dandalin, kuma Archive Team an san su da rashin bin fayil ɗin robots.txt da gidaje ke amfani da shi su ce kada a kwashe su. Amsar da aka ba irin waɗannan ita ce su goge shafinsu kafin a iso gare shi, ko su rubuta wa Internet Archive su nemi a cire. Wanda kuma ke son ganin ko nasa ya tsira, sai ya nemo tsohon adireshinsa na plus.google.com, mai doguwar lambar nan ko mai alamar tarawa da suna, ya liƙa a Wayback Machine ya duba watannin Maris da Afrilu na 2019. Idan shafin farko ya buɗe, ya gwada adireshin wani rubutu guda da ya san an yi doguwar muhawara a ƙarƙashinsa, ya ƙirga tsokacin da suka zo.